Yadda ake gane asali da shekarun tsohon gilashin da aka hura da baki

Kwalbar da ta jawo ni cikin wannan harka ba ta da wani kyau. Koriya ce mai duhu kamar miyar kukar da ta kwana, mai kusurwa huɗu, kafaɗarta ta fi ƙasanta faɗi. A ƙarƙashin gadon kakata take zama, man alayyadi ake zubawa a ciki. Da ta rasu aka zo rabon tarkacen ɗaki, kowa ya yi kan tasoshi da kwanonin jere, babu wanda ya ko kalle ta. Ni na ɗauka, daga baya na kai wa wani dattijo mai sayar da kayan da a kasuwar Kurmi. Na zaci launin zai fara dubawa. Ina! Yana karɓa ya kifa ta, ya sa babban yatsa yana shafa ƙasanta, sannan ya bi jikinta da farce har zuwa baki.

"Baba, me kake nema a nan?" na tambaye shi.

"Inda aka riƙe ta, ɗana," in ji shi. "Gilashi yana da zafi ba a taɓa shi da hannu. Dole da wani abu aka riƙe shi, kuma abin nan sai ya bar sawu."

Duk abin da zan faɗa a ƙasa bin wannan sawun ne. Kowane zamani da irin kayan aikinsa, kowane kayan aiki da irin tabon da yake bari. In ka san tabon, ka san zamanin.

Fara sanin yadda ake yin sa

Gilashi yashi ne da aka narka tare da kanwa ko tokar itatuwa da ɗan farar ƙasa. An daɗe ana yin sa a Masar da Iraƙi kafin a gano hura shi. Hurawar kuwa a yankin Sham da Falasɗinu ta fara, a ƙarni na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga nan Rumawa suka yaɗa ta. Mai hurawa yakan tsoma dogon bututun ƙarfe cikin narkakken gilashi, ya ɗebo curi kamar yadda ake ɗebo zuma da tsinke, ya murza shi a kan faifan dutse ko ƙarfe, ya hura, curin ya kumbura. In ya gama da jiki da ƙasa, saura baki, kuma bakin yana manne da bututun. Sai yaron shago ya kawo wata sandar ƙarfe mai ɗan gilashi mai zafi a kanta, a liƙa ta a ƙasan abin, a fasa wuyan daga bututun, a mayar wuta a gyara bakin da awartaki da almakashi. An gama, a ɗan buga sandar ta ɓalle. Tabon da take bari a ƙasa shi nake kira cibiya, don bai da maraba da cibiyar jariri: nan ne aka yanke shi daga abin da ya riƙe shi.

Akwai kuma hurawa cikin mazubi, wato akwatin itace ko na ƙarfe mai siffar abin da ake so, irin dai na buga bulo. Da baki ake hura wannan ma, sai dai mazubin ne ke ba shi siffa. Na ukunsu shi ne na inji, wanda ba numfashin kowa a cikinsa.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: tawul da za ka shimfiɗa a kan tebur, farar takarda, gilashin ƙara girman rubutu, tocilan waya, da ƙaramar tocilan nan mai hasken shuɗi-shuɗi da ake duba jabun kuɗi da ita. Ka zauna kusa da taga da rana. Ka cire zobe.

Mataki na farko: kifa shi

Riƙe shi da hannu biyu a saman tawul, ka juya ƙasansa sama, ka shafa tsakiyar a hankali, don wata cibiyar tana yanka. Ɗaya daga cikin waɗannan za ka tarar.

Cibiya mai kaifi, kamar zobe ko kamar ɓallin ƙanƙara. In zobe ce mai rami a tsakiya, da bututun hurawar kansa aka riƙe abin. Wata kuma faffaɗa ce mai kaushi kamar an barbaɗa yashi, domin an tsoma kan sandar cikin yashi ko garin gilashi don kada ta manne sosai. Irin wannan ta yi yawa a kwalaben giya na Ingila na ƙarni na 18 da farkon na 19. Wata za ka ga da'ira mai launin tsatsa ko toka-toka, alamar sandar ƙarfe ce zalla aka liƙa, kuma an fi ganin ta a kwalaben Amurka na wajajen 1845 zuwa 1865. Wata kuma an goge ta da dutsen wasi ta zama ɗan kwarmi mai santsi kamar ka danna yatsa a cikin tuwo. Wannan aikin kayan masu kuɗi ne, kofuna da tulunan teburi, kuma daga ƙarshen ƙarni na 18 ya zama ruwan dare a Ingila.

A nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Sun ji an ce cibiya alamar tsufa ce, sai su ɗauka duk mai cibiya tsoho ne. Ba haka ba ne. Cibiya tana nuna an yi abin da hannu, ba ta faɗin yaushe. Kofin da aka hura jiya a Alƙahira ko a Hebron ta Falasɗinu yana da cibiya. Inda take amfani wajen ƙidayar shekaru shi ne a kwalaben amfanin yau da kullum, na magani, tawada, giya, turare mai araha. Daga shekarun 1840 zuwa 1860 masana'antu suka koma amfani da wani abin riƙo da ke rungumar kwalba ta gefe ba tare da ya manne ba, don ya fi sauri. Zuwa wajajen 1870 da wuya ka ga cibiya a irin waɗannan kwalabe. Ke nan kwalbar magani mai cibiya, in ba jabu ba ce, ta girmi 1870. Kaskon furanni mai cibiya kuwa bai gaya maka komai ba tukuna.

Tun da yana kife, duba da'irar da yake zama a kanta. Abin da ya shekara ɗari ana ɗauka ana ajiyewa, wurin nan yakan dushe, ya yi fari-fari. Sa gilashin ƙara girma. Gogewar gaskiya ƙarce-ƙarce ne barkatai, wannan ya yi gabas wancan ya yi kudu, wani zurfi wani sama-sama, kuma a wuraren da ke taɓa tebur kaɗai. Ta mayaudara da sanfefa ko siminti ake yin ta, sai ka ga layukan sun jeru gefe guda kamar shatin tsintsiya, har sun shiga inda ba ya taɓa ƙasa. Ni dai wannan gwajin na fi yarda da shi a kan sauran, domin haƙurin shekara ɗari ba ya kwaikwayuwa da yamma ɗaya.

Mataki na biyu: bi ɗinki daga ƙasa zuwa baki

Mazubi yawanci yana buɗewa gida biyu ko uku, kuma inda ɓangarorin suka haɗu sai ya bar siririn layi a jikin gilashin, kamar ɗinkin riga. Nemo shi da farce, ka bi shi sama, ka ga inda ya tsaya.

In babu ɗinki sam, kuma abin ya ɗan karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, to hurawar hannu ce zalla. Amma ka ɗaga shi ga haske tukuna. In ya yi zagaye cif, yana sheƙi, kana hango siraran layuka da suka kewaye shi a kwance, to an hura shi ne cikin mazubi ana juya shi, juyawar ta shafe ɗinkin. Kwalaben inabi na wajajen 1880 zuwa 1915 da yawa haka aka yi su.

In ka ga layi ya kewaye kafaɗa, sannan wasu biyu sun tashi daga nan zuwa wuya, mazubi mai gida uku ne. Henry Ricketts na birnin Biristol a Ingila ya yi rajistar irinsa a 1821, har akan ga sunan kamfaninsa a ƙasan wasu kwalaben. An ci gaba da amfani da wannan salo har ƙarshen ƙarnin.

In ɗinkin ya taho daga ƙasa ya ɓace a wuya kafin ya kai baki, jikin a mazubi aka hura shi, bakin kuma da hannu aka gama. Yanzu sai ka tsaya a kan bakin, don nan akwai magana. Kafin shekarun 1880, yawanci wani gilashin daban ake ɗebowa a naɗa a kan wuya a matsa shi da awartaki. Za ka ga ɗan ɗigo ya zubo a ƙarƙashin leɓen kamar kakin kyandir, kuma in ka zura ƙaramin yatsa ciki za ka ji gaɓa inda biyun suka haɗu. Daga shekarun 1880 zuwa wajajen 1915 sai aka koma murza wuyan kansa ya zama baki. A nan babu ɗigo, babu gaɓa, sai ka ga ɗinkin ya dushe kamar an share shi da yatsa, da ƙananan layuka a kwance.

In kuwa ɗinkin ya haye har saman leɓe bai tsaya ba, to rufe littafi, na inji ne. Michael Owens na Toledo a jihar Ohayo ta Amurka ya fito da injin yin kwalba mai sarrafa kansa a 1903, kuma zuwa shekarun 1920 inji ya ƙwace yawancin kasuwar. Injin nasa yana barin wata da'ira mai gefe kamar gashin tsuntsu a ƙasan kwalba, wadda sau da yawa ba ta zauna a tsakiya daidai ba. Dillalai kan nuna ta su ce cibiya ce. Shafa ta: ba ta da kaifi, ba ta da tudu, zane ne kawai.

Marfi ma shaida ne. Kwalbar lemo mai ƙwallon gilashi a maƙogwaro Hiram Codd ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a farkon shekarun 1870. Marfin kwano mai haƙora, irin na lemon kwalba, William Painter ya yi rajistarsa a Amurka a 1892, saboda haka bakin da aka yi don irin wannan marfi ba zai girmi wannan shekara ba.

Kofuna da kwanoni masu zane a jiki suna da tasu rigimar. Tun shekarun 1820 Amurkawa suka fara danna narkakken gilashi cikin mazubi don ya yi kama da wanda aka sassaƙa da hannu. Farce ne alƙali. Sassaƙar dutsen wasi gefenta kaifi ne, kuma zanen ba ya zama daidai wa daida ko'ina. Na dannawa gefensa a dulmuye yake, cikinsa sumul, kuma in ka nema da kyau za ka sami ɗinkin a ɓoye cikin zanen.

Mataki na uku: jiki, nauyi da amo

Ɗora shi a kan farar takarda, ka haska tocilan waya ta baya. A tsohon gilashi za ka ga ƙwayoyin iska ƙanana da manya, wasu sun miƙe sun yi tsawo ta inda aka ja shi, da ɗan ɗigon toka ko tsakuwar da ba ta narke ba, da layuka kamar igiyar ruwa. Sai dai ka tuna masu yin na da ba son kumfa suke yi ba, kaucewa suke yi gwargwadon iyawarsu. In ka ga kumfa ta cika jiki tab, daidai ko'ina kamar ruwan lemo, ka yi shakka. Gilashin da ake narkawa daga fasassun kwalabe yau a Alƙahira, Hebron, Herat ta Afganistan da Meziko haka yake, kuma yana da kyau, amma ba tsoho ba ne.

Auna shi a tafin hannu, sannan ka riƙe ƙafarsa ka ɗan ƙwanƙwasa bakin da farce. In ya yi nauyi fiye da girmansa, ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, akwai dalma a cikinsa. George Ravenscroft ne ya fito da gilashin dalma a Landan, ya sami izinin mallaka a 1674, kuma shi ya zama tambarin gilashin Ingila da Ayalan. In ya yi sakayau, ƙararsa gajera, na kanwa ne. Kada ka ƙwanƙwasa abin da ke da tsaga, ko siriri sosai.

Wani lokaci za ka ga jikin ya yi ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo, ko yana gumi, ko ya yi hazo da ba ya wankuwa. Ciwon gilashi ne, daga kuskuren haɗin sinadaran tun asali, kuma yakan kama na ƙarni na 17 da na 18. Wanda ya daɗe a binne kuma yakan yi ɓawo mai walƙiyar bakan gizo da ke ɓamɓarewa kamar ɓawon albasa. Shi ma ana kwaikwayonsa da asid ko da manna ɓawon wani da gam. Na gaskiya hawa-hawa yake, ba ya bin jiki daidai.

Mataki na huɗu: launi, da tocilan jabun kuɗi

Yashi yana ɗauke da ƙarfe, shi ya sa gilashin da ba a yi wa komai ba yake fitowa kore-kore ko ruwan shuɗi mai haske. Kore mai duhu da ya kusa zama baƙi shi ne launin kwalaben giya na Turai daga tsakiyar ƙarni na 17 har cikin na 19. Don a samu fari tas sai an zuba wani sinadari da zai kashe koren, kuma sinadarin nan yana tona asirin shekaru. An daɗe ana amfani da manganis, amma a kwalaben kasuwa ya fi yawa daga shekarun 1880 zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gilashi mai manganis in ya sha rana shekaru sai ya koma ruwan hoda mai shuɗi-shuɗi, kaɗan, kamar an ɗiga zoɓo a bokitin ruwa. Bayan yaƙin aka koma siliniyom, shi kuma yakan juye ruwan kara. In ka ga launin ya yi duhu sosai kamar ɗinya, akwai yiwuwar an gasa shi da wani haske na musamman don a ɗaga kuɗinsa.

Yanzu shiga ɗaki mai duhu ka haska tocilan jabun kuɗi. Mai manganis yakan ba da ɗan haske kore-rawaya, mai rauni. In kuwa ya kama da wani kore mai ƙarfi kamar an kunna ƙwai a ciki, yuraniyom ne, ma'adinin nan da ake haƙa a Arlit. Daga shekarun 1830 masu gilashin Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, suka fara sa shi don samun launin rawaya da kore, aka yi yayinsa har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatoci suka kama ma'adinin, sannan aka dawo da shi a ƙarshen shekarun 1950. Har yau ana yi. Don haka abin da hasken ya tabbatar kawai shi ne bai girmi shekarun 1830 ba.

Mataki na biyar: rubutu da tambari

Yawancin tsofaffin gilasai ba su da sa hannu, kuma rashinsa ba aibi ba ne. In akwai, ya rage maka aiki. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito, don haka sunan ƙasa da Ingilishi a ƙasan abu yakan nuna bayan wannan shekara ne. Sunan ƙasar ma kalanda ne. "Czechoslovakia" ta wanzu daga 1918 zuwa ƙarshen 1992. "West Germany" daga 1949 zuwa 1990. A kayan Ingila, alamar rajista mai siffar lu'ulu'u mai kusurwa huɗu ta yi aiki daga 1842 zuwa 1883, daga 1884 aka koma lamba mai "Rd" a gabanta. Kamfanin Baccarat na Faransa sai a 1936 ya fara buga tambarinsa da asid a kan dukkan kayansa. Kafin nan galibi takarda yake mannawa, ita kuwa takarda wanki ɗaya ta tafi. Kwalbar barasa mai rubutun Ingilishi da ke cewa dokar tarayya ta hana sake sayar da ita ko sake amfani da ita ta Amurka ce, tsakanin 1935 da 1964.

Sa hannu shi ya fi komai sauƙin ƙirƙira. Duba shi da gilashin ƙara girma. In ya hau kan tsofaffin ƙarce-ƙarce maimakon su su hau kansa, daga baya aka yi shi.

Mataki na shida: daga wace ƙasa

Wannan ya fi ƙidayar shekaru wuya, saboda masu sana'ar sun yi ta ƙaura suna kwaikwayon juna. Amma kowane gida da halinsa.

Na Venis ta Italiya, wanda ake yi a tsibirin Murano tun da hukuma ta mayar da tanderun can a 1291, siriri ne, marar nauyi, mai ado da aka murɗa da awartaki yana da zafi: fukafukai, macizai, fararen zare a cikin jiki. Matsalar ita ce an yi irinsa a Holand, Faransa da Ingila tun ƙarni na 16, kuma yawancin abin da ke yawo da sunan Murano a kasuwa na ƙarni na 20 ne, in ma can ɗin aka yi shi. Na Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, da tokar itace ake haɗa shi, yana da tauri da kauri, ya dace da sassaƙa. Ka ga ja ko shuɗi a sama, an yanka shi fari ya leƙo daga ƙasa, da ruwan zinare, to ka fara tunanin can. A ƙarni na 19 sun yi kaya masu yawa musamman don kasuwannin Turkiyya, Iran da Masar: gindin shisha, butar yayyafa ruwan wardi, siraran kwalaben turare. Shi ya sa abin da aka sayo a Makka ko Alƙahira, mai kama da na Larabawa, yakan zama ɗan Bohemiya ne. Su kuwa kwalaben turaren nan na Masar marasa nauyi masu ruwan zinare da alhazai ke tsarabarsu, na zamani ne, daga bututun gilashi ake yin su a bakin wutar gas.

Kofin Ingila na ƙarni na 18 nauyi gare shi, launinsa na ɗan toka-toka, kuma ƙafarsa takan fi bakinsa faɗi, tana tashi a tsakiya don kada cibiya ta karce tebur. Na farkon ƙarnin an fi naɗe gefen ƙafar ciki kamar kalmasa. A 1745 gwamnati ta sa haraji bisa nauyin kayan haɗin gilashi, sai kofunan suka rage jiki, aka koma ƙawata sandarsu da zaren iska ko farin zare a murɗe. Ba a cire harajin ba sai 1845.

Fitilun masallaci na Mamalik, wato sarakunan da suka mulki Masar a da, masu ayar nan ta Suratun Nur da aka rubuta da fenti mai ƙyalli, a Masar da Sham aka yi su a ƙarni na 13 da na 14, kuma na gaskiyar kusan duk suna gidajen tarihi, da yawa a Alƙahira. Wani Bafaranshe, Philippe-Joseph Brocard, ya yi ta kwaikwayonsu a birnin Paris a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kuma har gobe ana yin sababbi. In wani ya kawo maka ɗaya a buhu ya ce ta zamanin Mamalik ce, ka yi masa godiya kawai.

A gida kuma, Masaga na Bida sun shahara da gilashi, har suna haɗa nasu baƙin daga yashi da kanwa kafin su koma narka kwalabe. Amma ƙarau da duwatsun wuya aka san su da su, waɗanda ake naɗawa a jikin sandar ƙarfe, ba hurawa ba. Haka ma duwatsun nan da Turawa ke kira na Kano: a Hebron aka yi su, suka bi ta Masar zuwa Sudan, fatake Hausawa suka sayo su suka kawo Kano. Kofi ko tulu da aka hura, aka ce maka tsohon aikin Bida ne, yana buƙatar hujja mai ƙarfi.

Haɗa shaidu

Rubuta abin da kowane mataki ya ba ka a takarda, kowanne da shekarar da abin ba zai iya girme mata ba. Alamar da ta fi kowace ƙuruciya ita ke yanke hukunci. Cibiya, kumfa da karkata suna iya cewa 1800, amma in bakin na marfin kwano ne, magana ta ƙare a bayan 1892. Kuma kada ka yanke da shaida ɗaya. Nemi uku da suka yarda da juna. Labarin mai kaya shi ma shaida ne, amma na ƙarshe a layi. "Tun kakan kakana" a bakin yawancinmu shekara tamanin ce.

Ga yadda ta kakata ta kasance. Babu cibiya, ƙasan sumul, ke nan da wuya ta girmi wajajen 1870. Babu ɗinki a jikin, domin an hura ta ne cikin mazubi mai gida ɗaya da ake zaro kwalba ta sama, shi ya sa ƙasanta ya tsuke. Bakin naɗawa aka yi, ɗigon yana nan, ke nan ba ta inji ba ce. Siffar kuwa ta kwalaben barasar jin ce da ake jerawa cikin akwatin katako, waɗanda jiragen Holand da Jamus suka yi ta saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma, har a yankin Neja Delta aka riƙa ciniki da su kamar kuɗi. Turawan mulki sun hana shigo da barasar Arewa, amma kwalbar da babu komai a ciki ba ta da shamaki, haka ta riƙa haurowa hannu zuwa hannu. Na sa ta tsakanin 1870 da farkon shekarun 1900. Da na gaya wa mahaifiyata abin da aka fara zubawa a cikinta, sai da ta yi salati.

In za ka wanke naka, sa tawul a cikin robar wanki, ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi. Ruwan zafi yana iya fasa tsohon gilashi nan take. Kada ka sa soson ƙarfe, kada ka jiƙa mai fenti ko ruwan zinare, mai ɓawon bakan gizo da mai ciwon tsage-tsage kuwa kada ruwa ya taɓa su. Kada a ajiye abin sha ya kwana a tulun dalma. In abin ya nuna alamar daraja, kai shi gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano ko na Jos ko Kaduna, a duba maka kafin dillali ya sa masa kuɗi. Wanda aka tono daga ƙasa kuma, ko wanda kake son fita da shi waje, dokar Najeriya ta 1979 ta sa shi ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, sai da takardar izininta zai ƙetare iyaka.